Libarba da harsashin +P: wace ce za ta jure, wace ce za ta gaji da wuri?

Duk wanda ya mallaki libarba mai cin harsashin .38 Special, ko yake shirin mallaka, ba ya daɗewa sai ya ci karo da kwalaye iri biyu: ɗaya na harsashin da aka saba da shi, ɗaya kuma an buga masa alamar +P. Kaurinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, kowanne yana shiga ramin silinda, wato gangar nan mai juyawa da ake loda wa harsasai, ba gardama. Daga nan tambaya take tasowa: in na mayar da mai +P ɗin nan harsashina na kullum, bindigar za ta ɗauka?

Galibin masu tambayar fashewa suke tsoro. Libarbar zamani mai lafiya, wadda sanannen kamfani ya ƙera da baƙin ƙarfe, ba ta tarwatsewa a hannun mutum don ya harba +P na masana'anta. Abin da ke faruwa da ita a hankali yake zuwa, wato tsufa kafin lokaci: silinda ta fara wasa, saiti ya fara kaucewa, ƙarfe ya fara gajiya. Saurin wannan tsufan kuwa ya bambanta ƙwarai daga bindiga zuwa bindiga. Wata za ta ci +P har mai ita ya bar wa magada ba ta nuna komai ba, wata kuma kwalaye kaɗan sun isa su sassauta ta. Zaɓen yana ga sanin wace iri ce a hannunka.

Me alamar take nufi

A Amurka akwai ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai da ake kira SAAMI, wadda aka kafa a 1926. Ita ke tsayar da iyakar matsin da albarushi zai haifar a cikin ramin harsashi idan ya kama da wuta. Ana auna matsin da fam a kan kowane murabba'in inci, abin da ake taƙaitawa da psi. Iyakar .38 Special na yau da kullum psi 17,000 ce. Ta .38 Special +P kuwa psi 20,000. Ƙarin bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Sai ka ɗora .357 Magnum a gefe, wanda iyakarsa psi 35,000 ce, ka ga tazarar da ke tsakani. Waɗannan lambobi uku su ne ginshiƙin duk maganar da za ta biyo baya.

Dalilin da ya sa matsin .38 Special yake ƙasa haka shi ne shekarunsa. Kamfanin Smith & Wesson ya fito da shi a ƙarshen ƙarni na 19, tare da libarbar Military & Police ta 1899, lokacin da ake cika kwanso da baƙin albarushi irin na dā. Da albarushi mara hayaƙi ya zo, sai aka ga kwanson yana da fili da yawa, ana iya cusa masa ƙarfi fiye da yadda tsofaffin bindigogi za su ɗauka. A 1930 kamfanin ya fito da .38/44 Heavy Duty, babbar libarba mai kaurin firam, domin harsashin .38 mai zafi da 'yan sanda suke nema a lokacin. A 1935 aka haifi .357 Magnum, aka kuma ƙara wa kwansonsa tsawon milimita uku da 'yan kai da gangan, don kada ya shiga ramin .38 Special. Shi kuwa +P, da aka fara buga alamarsa cikin shekarun 1970, ba a ƙara masa tsawo ba. Babu abin da zai hana shi shiga bindigar da aka ƙera a 1905 sai hankalin mai ita.

Wani abin lura ga mai sayen harsashin Turai: ƙasashe irin su Jamus, Italiya, Faransa da Beljiyam suna bin ƙa'idar hukumar CIP ne, takwarar SAAMI a can, wadda ta sa iyakar .38 Special a 1,500 a ma'aunin matsi na bar, wato wajen psi 21,750. Hanyar awonsu ta bambanta da ta SAAMI, saboda haka ba a jera lambobin kafaɗa da kafaɗa. Amma darasin a fili yake: rashin alamar +P a kan kwali ba shaida ba ce cewa harsashin mai sanyi ne.

Inda ƙarfin yake ci

A nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin wanda ya gane yadda libarba ke gajiya ba ya bukatar a jera masa sunayen bindigogi.

Idan albarushi ya kama, matsin yana tura ƙwayar harsashi gaba, yana tura kwanso baya, yana kuma tura bangon ramin ta kowane gefe. Bangon silinda shi ke tare turin gefe, kuma a bindigar zamani yana da rarar ƙarfi mai yawa. A ƙasashen CIP, kafin a sayar da libarba sai an gwada ta da harsashin da matsinsa ya zarce iyaka da kashi 30 cikin ɗari. Don haka fashewar silinda ba ita ce ta kusa ba. Turin baya shi ne mai cin bindiga. Kwanso yana dukan bangon firam na baya, ƙwaya kuma tana kutsawa cikin maƙogwaron bututu, wato mashigarsa ta baya, tana jan gaban firam, sai tagar da silinda ke zaune a ciki ta zama ana jan ta gaba da baya a lokaci ɗaya. Silindar kanta tana zabura ta daki hannun da take juyawa a kai. Kowane harbi ɗan duka ne. Yau da gobe, bakin wannan hannu yana lotsawa, firam yana iya miƙewa da abin da ido ba ya gani, sai silinda ta sami wurin yin wasa gaba da baya. Da zarar wasan ya fara, ƙaruwa yake yi da sauri, domin yanzu silindar tana da filin ɗaukar gudu kafin ta yi duka.

Na biyu shi ne saiti. A libarba, ɗan ƙaramin hannu ne ke juya silinda, wani ɗan harshen ƙarfe kuma ya faɗa cikin tsaga ya kulle ta daidai lokacin da rami ya fuskanci bututu. Girgiza mai ƙarfi tana cinye gefen waɗannan tsagogi da haƙoran da hannun ke turawa. In saiti ya kauce, ƙwaya tana gogar gefen maƙogwaro, ɓarɓashin dalma ya riƙa fantsama ta gefe, ya sami wanda ke tsaye kusa. Gaskiya ita ce jan kunama da sauri da garaje shi ma yana cin saiti ko da harsashi mai sanyi ne, amma mai zafi yana ƙara wa abin gudu.

Na uku wuta ce. Tsakanin fuskar silinda da gindin bututu akwai 'yar tazara, yawanci wajen milimita 0.15. Iskar gas mai tsananin zafi tana fita ta nan a kowane harbi, tana lasar maƙogwaron bututu, tana kuma yanka siririn layi a ƙarƙashin gadar ƙarfen da ke saman silinda. Wannan layin yakan yi zurfi zuwa wani matsayi ya tsaya, ba kasafai yake kashe bindiga ba. Zaizayar maƙogwaro ita ce abin damuwa. Harsashi mai ƙaramar ƙwaya da albarushi mai yawa ya fi yin wannan ɓarna, domin gajeriyar ƙwaya tana barin silinda da wuri, wutar ta biyo ta tun tana kan ganiyarta.

Sai kuma bambancin ƙarafa, wanda shi ne ya raba bindigogin gida biyu. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta kana miƙewa, ba lanƙwasar farko ce ke karya ta ba, tarin su ne. Baƙin ƙarfe yana da wata iyaka wadda in nauyin da ake ɗora masa bai kai ta ba, zai yi ta ɗauka kusan ba ƙarshe. Alminiyam ba shi da irin wannan iyaka. Kowane nauyi, komai ƙanƙantarsa, yana ɗiban wani abu daga kwanakinsa, kuma ƙarin nauyi kaɗan yana rage kwanakin da yawa. Shi ya sa ƙarin da bai kai kashi 20 cikin ɗari ba yake zama ba komai a wata bindiga, ya zama babban al'amari a wata.

Tsofaffi

Waɗannan ba su bukatar dogon bayani: kada a sa musu +P. Littafin jagorar Smith & Wesson ya faɗa ƙarara cewa kada a yi amfani da +P a libarbobinsu masu matsakaicin firam na K da aka ƙera kafin 1958. Gane su ba wuya: ka buɗe silinda ka duba jikin firam inda hannun silinda ke kwanciya. In babu lambar samfuri da aka buga a wurin, tsohuwa ce. Waɗanda aka yi kafin wajen 1920 ma ko gasa silindarsu don ta yi tauri ba a yi ba. Haka kwaikwayon Smith & Wesson da aka yi ta ƙerawa a garin Eibar na ƙasar Sifen tsakanin yaƙoƙin duniya biyu, waɗanda ƙarfensu ba shi da tabbas. Akwai kuma libarbobin Victory na Yaƙin Duniya na Biyu da aka yi wa Birtaniya don harsashin .38 S&W, daga baya 'yan kasuwa suka zurfafa ramukansu su ɗauki .38 Special. Ramin ya fi kwanson faɗi ta baya, kwanso yakan kumbura ko ya tsage ko da harsashi mai sanyi ne.

Za ka ji wasu suna cewa +P na yau ai shi ne harsashin yau da kullum na dā, don haka tsohuwar bindiga ta riga ta saba. Hujjarsu ita ce tsofaffin takardun kamfanoni suna nuna gudu mafi yawa. Amma a dā da dogon bututun gwaji wanda ba shi da tazarar silinda ake awo, cikin shekarun 1970 aka koma bututu mai inci 4 mai tazara irin ta libarbar gaske, lambobin suka sauko. Ko da akwai ƙamshin gaskiya a maganar tasu, ban ga hikimar gwada ta a kan bindigar da kayan gyaranta suka ƙare a kasuwa ba.

Baƙin ƙarfe mai cin .38 Special kaɗai

Misalinta shi ne Smith & Wesson Model 10 da 'yar'uwarta mara tsatsa Model 64, da Model 15. Waɗanda aka ƙera daga 1958 zuwa yau suna ɗaukar +P lafiya lau. Shekaru da yawa jami'an tsaro a Amurka suna ɗauke da irinsu cike da harsashin nan mai ƙwayar dalma mai rami a baki, nauyin giren 158 (giren ma'aunin nauyin ƙwaya ne, 158 ɗin giram 10 ne da ɗan ɗori), wanda har ake yi masa laƙabi da sunan hukumar FBI. Nauyin bindigar ya kusa kilo ɗaya, silindarta mai ramuka shida tana da kauri, kuma a kan wannan firam ɗin ne aka ɗora .357 Magnum daga baya. Za ta sassauta da wuri fiye da wadda ba ta taɓa cin komai ba sai harsashin atisaye, amma wasan silinda a irin wannan bindiga gyara ne mai sauƙi ga maƙerin da ya san aikinsa.

Ƙananan masu ramuka biyar na baƙin ƙarfe, irin Chiefs Special da ta fito a 1950 ta koma Model 36, suna tsakiya. Firam ɗinsu siriri ne. Kaɗan-kaɗan ba zai dame su ba, amma in ba a buga +P a jikin bututun ba, ni ba zan mayar da shi abin harbin kowane mako ba.

Kamfanin Colt ya ba da amsar da na fi ganin ta fito da gaskiyar lamarin. A littafin jagorar ƙananan libarbobinsa na shekarun 1970 zuwa gaba, bai ce kada a harba +P ba, bai kuma ce a harba yadda aka ga dama ba. Cewa ya yi a kai bindigar a duba ta bayan harbi 2,000 zuwa 3,000 in firam ɗin baƙin ƙarfe ne kamar na Detective Special, in kuma alminiyam ne kamar na Cobra da Agent, bayan harbi 1,000. Dubi yadda kamfanin da kansa ya raba ƙarafan biyu. A ƙara da cewa kayan cikin tsofaffin Colt da hannu ake daidaita su, masu iya gyaransu kuma sun yi ƙaranci. Cobra sabuwa da aka dawo da ita a 2017 dabam ce: ƙarfe mara tsatsa ce, an kuma yi ta don +P tun daga farko.

Marasa nauyi

Nan ne rigimar take, domin su ne aka fi saye, su ne kuma aka fi so a cusa wa +P saboda gajeren bututunsu yana rage gudun ƙwaya.

Tarihin alminiyam a libarba ya fara da tuntuɓe. A farkon shekarun 1950 rundunar sojin saman Amurka ta sa Colt da Smith & Wesson suka ƙera mata libarbar Aircrewman, wadda har silindarta alminiyam ce. Silindar ta kasa, aka janye bindigogin aka lalata mafi yawansu. Daga nan aka koma silindar baƙin ƙarfe a kan firam ɗin alminiyam, tsarin da ake kira Airweight. Tsofaffin Airweight, irin Model 37 da Model 38 na farko da Model 12, ba a yi su don +P ba. Inda suka fi tsagewa shi ne siririn wurin da ke ƙarƙashin gindin bututu, inda aka murɗa bututun cikin firam. Tsagar wurin ba ta gyaruwa.

Daga ƙarshen shekarun 1990 labari ya sauya. Model 642 da 442 na yanzu an buga musu +P a jikin bututu, kamfanin ya tsaya a kan haka. Ruger LCR da ta fito a 2009, mai firam ɗin alminiyam da mazaunin kunama na roba mai tauri, ita ma haka. Alamar tana nufin harba +P a cikinsu ba haɗari ba ne. Ba ta ɗauke wa alminiyam halinsa ba. Bindiga mai nauyin giram 400 da 'yan kai da ake ciyar da ita +P zalla za ta riga wadda ake ciyarwa da harsashi mai sanyi gajiya.

Sai dai a aikace, hannun mutum ne ke fara gajiya kafin bindigar. Ƙarfin shurin bindiga yana ƙaruwa gwargwadon raguwar nauyinta. Harsashin da libarba mai kilo 1.1 za ta shanye ba ka ji komai ba, mai giram 400 za ta mayar maka da shurinsa kusan ninki uku. Mutane kaɗan ne ke iya harba kwali guda na +P a 642 su nemi ƙari. Wanda ya tilasta wa kansa kuwa yakan koyi mugun hali: runtse ido da dukar da bakin bindiga kafin harsashi ya tashi. Wannan asara ta fi sassaucin silinda tsada, domin cire ta daga jiki aiki ne.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da marasa nauyi. Idan bindiga ta zabura baya da ƙarfi, kwansunan da ke sauran ramuka suna bin ta, ƙwayoyinsu masu nauyi kuma suna so su tsaya inda suke. Harbi bayan harbi sai ƙwaya ta riƙa zamowa daga kwanso, har ta leƙo ta gaban silinda ta hana ta juyawa. Ya fi faruwa da ƙwayar dalma tsura. Gwajinsa a filin harbi mai sauƙi ne: cika silinda, harba huɗu, ciro na biyar ka gwada tsawonsa da sabo. In ya ƙara tsawo, wannan harsashi ba na wannan bindiga ba ne.

Masu firam ɗin alminiyam da aka gauraya da sinadarin sikandiyam, irin 340PD, sun fi Airweight ƙarfi, har .357 Magnum suna ci, nauyinsu bai kai giram 350 ba. A wajen matsi, +P ba komai ba ne a gare su. Amma silindar 340PD ta taitaniyam ce, tana kuma da nata sharaɗin: an rubuta a jikin bututun cewa kada a harba ƙwayar da ta gaza giren 120, saboda wutar ƙananan ƙwayoyi tana cin fuskar silindar. Ba a kuma goge ta da abu mai kaushi, don kada a kankare rufin da ke kare ta.

Baƙin ƙarfe mai cin .357 Magnum

Ga wanda da gaske yake nufin harba +P a kai a kai, amsar tana nan. Bindigar da aka gina don psi 35,000 ana ba ta 20,000, ko kashi 60 cikin ɗari na abin da aka yi ta dominsa bai kai ba. Kowace libarba mai cin .357 Magnum tana harba .38 Special da .38 Special +P. Akasin haka ne ba ya yiwuwa, kuma ba a gwadawa.

Labarin Model 19 yana da amfani a nan, ko da yake a kan Magnum ya faru. A tsakiyar shekarun 1950, Bill Jordan na rundunar tsaron iyakar Amurka ya shawo kan Smith & Wesson suka ɗora .357 Magnum a kan matsakaicin firam na K. Tunanin lokacin shi ne ɗan sanda ya yi atisaye da .38 Special, ya ɗauki Magnum a bakin aiki. Muddin ana haka, bindigar ba ta da matsala. Cikin shekarun 1970 hukumomi suka koma horar da jami'ai da harsashin da suke ɗauka, a daidai lokacin da Magnum mai ƙwayar giren 125 ya yi tashe. Sai maƙogwaron bututu ya fara tsagewa ta ƙasa, inda aka shafe shi don hannun silinda ya sami wurin rufuwa. Bindiga ɗaya, ƙarfe ɗaya, abin da ya sauya kawai shi ne yawan harsashi mai zafi da take ci. Amsar kamfanin ita ce firam na L wanda ya fi na K kauri, wato Model 586 da 686, a farkon shekarun 1980. Ruger ta fito da GP100 a 1985, sannan ƙaramar SP101 a 1989, dukansu da firam dunƙulalle wanda ba shi da murfin gefe. Da +P kuwa, ko tsohuwar Model 19 ɗin ba ta da abin tsoro.

Kuɗin da ake biya a nan nauyi ne. 686 ko GP100 mai bututun inci 4 ta haura kilo ɗaya. SP101 tana wajen giram 700, kusan ninki biyu na LCR. Akwai kuma ɗan aikin tsafta: gajeren kwanson .38 yana barin zoben dauɗa a cikin ramin .357, in ya taru sai dogon kwanso ya ƙi shiga ko ya maƙale bayan harbi. Buroshi da man goge bindiga sun isa, in ba a bari ya daskare ba.

Me ake samu a madadin wannan gajiya

Tambaya ce da ya kamata a yi tun kafin a sayi kwalin. A lissafin masana'antu, ƙwayar giren 158, wato giram 10 da ɗan ɗori, tana fita daga bututun inci 4 da gudun mita 230 a daƙiƙa in harsashin na yau da kullum ne, mita 270 in +P ne. Ƙari ne na gaske, kuma amfaninsa ɗaya ne babba: ƙwaya mai rami a baki tana bukatar gudu kafin ta buɗe. A bututun inci 2 gudun yana raguwa, shi ya sa kamfanin Speer ya ƙera Gold Dot mai giren 135 +P musamman don gajeren bututu. A kan takardar atisaye kuwa ƙarin ba shi da wani amfani. Rami rami ne. Harsashin gasa mai shafaffen kai, giren 148, ya fi yanka takarda da kyau, ya fi sauƙin shuri, ya fi tausaya wa bindiga.

Saboda haka ga yadda nake ganin zaɓen. In burinka bindiga mara nauyi ce, sayi wadda aka buga wa +P, ka yi yawancin atisayenka da harsashi mai sanyi, ka riƙa rufe zama da silinda ɗaya ko biyu na +P don hannunka ya san shurinsa, idonka kuma ya san inda yake sauka, domin sau da yawa ba wuri ɗaya suke bugawa ba. In kuwa kana cikin masu ganin dole abin da ka ɗauka shi za ka yi atisaye da shi kullum, ra'ayi ne mai hujja, amma ka biya kuɗinsa da nauyi: SP101, Model 60 ko 640 na zamani in ƙarama kake so, 686 ko GP100 in girma bai dame ka ba. Abin da ba na goyon baya shi ne mutum ya nemi duka biyun a bindiga ɗaya, rashin nauyin alminiyam da juriyar baƙin ƙarfe. In kuma ta gado ce, mai tarihi a gidanku, harsashi mai sanyi ya ishe ta.

Alamomi biyu da ba su da iyaka

Alamar +P+ ba ta cikin ƙa'idar SAAMI. Abin da take faɗa kawai shi ne matsin ya wuce na +P, ba ta faɗin da nawa. Smith & Wesson sun hana amfani da ita a bindigoginsu. Haka .45 Colt da wasu ƙananan kamfanoni ke buga wa +P: SAAMI iyaka ɗaya ta sani ga wannan harsashi, psi 14,000, saboda siraran bangon silindar Colt Single Action Army ta 1873 da masu kwaikwayonta. Masu zafin an yi su ne don manyan bindigogi irin Ruger Blackhawk mai babban firam da Redhawk, kuma matsinsu yana iya ninka wancan. A nan maganar fashewa gaskiya ce, ba tsufa a hankali ba. Ko a cikin Ruger ɗin ma, New Vaquero da ta fito a 2005 firam ɗinta ƙarami ne, ba ta cikin masu ɗauka.

Duba bindigar da ke cin +P

Bayan ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka rufe silinda ka tura ta gaba da baya da yatsa. Motsin da za ka ji da ƙyar ba laifi, wanda ido ke gani ko kunne ke ji ya isa a kai wa maƙeri, kuma yawanci da siririn zoben ƙarfe ake cike gurbin. Ka ja guduma baya a hankali a kan kowane rami, ka saurari ƙarar kullewar silinda kafin gudumar ta kai ƙarshe. In sai ka taimaka mata da hannu take kullewa, saiti ya fara tafiya. Ka ɗaga bindigar wajen haske ka dubi tazarar silinda da bututu, kada fuskar silinda ta riƙa gogar bututun. Kwanson da ke maƙalewa bayan harbi, ko ɓarɓashin dalma da ke dukan kumatu, duk saƙo ne.

Daga ƙarshe ka buɗe silinda, ka goge maƙogwaron bututu da wurin da ke ƙarƙashinsa tas, ka haska fitila, in da gilashin ƙara girma ka sa. Layi siriri kamar gashi a gefen maƙogwaro ko a jikin firam ɗin alminiyam tsaga ce har sai maƙeri ya ce ba ita ba ce. In a bututu take, ana iya sauya bututun idan an sami wani. In a firam take, bindigar ta gama aiki, ba a sake harba ta da kowane irin harsashi.